Ƙwan Lantarki a Akurki: Abin da Ke Sa Kaza Ta Ci Gaba da Yin Ƙwai a Hunturu

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Ingila, Kanada da arewacin Amurka, masu kiwon kaji a bayan gida sukan fara ganin kwandon ƙwai yana ramewa. Kajin da suke cika shi a watan Yuni sai su koma yin ɗaya-ɗaya, wasu ma su daina ɗungurungum. Da yawa kan ɗora laifin a kan sanyi, alhali babban dalilin shi ne gajartar yini. A Landan, hasken rana a ƙarshen Disamba bai kai awa 8 ba, ga shi kuwa a Yuni yakan haura awa 16. Ita kuma kaza tana buƙatar hasken awa 14 zuwa 16 a kullum kafin ta riƙa yin ƙwai a kai a kai.

Masanin da ya fara tabbatar da wannan alaƙa ta hanyar gwaji shi ne William Rowan na Jami'ar Alberta a Kanada. A tsakiyar shekarun 1920 ya ajiye wasu ƙananan tsuntsayen daji a keji a waje, cikin tsananin sanyin birnin Edmonton, yana ƙara musu hasken lantarki kaɗan-kaɗan kowace yamma. Duk da ƙanƙarar da ta kewaye su, gaɓoɓin haihuwarsu suka bunƙasa kamar lokacin ɗumi ya shigo. Daga baya aka gano cewa haske kan ratsa ƙoƙon kan tsuntsu ya isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki sinadaran da ke umartar mahaifar ƙwai ta kama aiki. Haske mai ɗan ja-ja ya fi ratsawa, shi ya sa ake fifita ƙwan lantarki mai launin ruwan ɗorawa a kan mai fari fat.

Yadda suke yi a can

Dabarar ba ta da tsada. Akan rataye ƙwan LED ɗaya mai ƙarfin wat 5 zuwa 9 a tsakiyar akurki, a haɗa shi da 'yar na'urar da ke kunna wuta da kashe ta bisa lokacin da aka saita. Ma'aunin da masu kiwo suka saba da shi mai sauƙi ne: idan mutum zai iya karanta jarida a daidai tsayin kan kazar, hasken ya wadatar.

An fi son a ƙara hasken da asuba. Dalili kuwa shi ne kaza ba ta gani sosai a duhu. Idan wuta ta ɗauke farat ɗaya da daddare, sai ta bar kajin a ƙasa suna lalube, ba su hau makwancinsu ba. Haka kuma ba a ƙara awoyin a dare ɗaya, sai dai minti 15 zuwa 30 a kowane mako. Ba a kuma barin wutar ta kwana a kunne. Ƙwai ɗaya kan ɗauki kimanin awa 25 kafin ya haɗu, kusan awa 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya, galibi cikin dare, kuma kaza na buƙatar wannan hutun.

Ko a can ma ba kowa ya yarda da dabarar ba. Gajartar yini ce ke sa kaza zubar da tsohon gashi ta fitar da sabo, aikin da ke cin furotin mai yawa. Saboda haka wasu masu kiwo sun gwammace su haƙura da ƙwai na 'yan watanni, su bar kajinsu su murmure. Wasu kuma sukan jira a gama sauya gashin kafin su kunna wutar.

Ina ruwan mai kiwo a Abuja?

Irin waɗannan shawarwari suna yawo a wayoyin ma'aikatan da ke da 'yan kaji goma ko ashirin a bayan gida a Kubwa, Lugbe, Karu ko Gwagwalada, domin rage kuɗin kiret ɗin ƙwai da samun na cefane kafin albashi ya shigo. Sai dai hunturunmu daban, nasu daban. Abuja na kusa da tsakiyar duniya, don haka yininta mafi gajarta ya ɗan haura awa 11 da rabi, mafi tsawo kuma ya ɗan haura awa 12 da rabi. Bambancin kimanin awa ɗaya ne kacal a duk shekara.

Wannan na nufin kazar Abuja ba ta shiga dogon yajin aikin da ta Landan ke shiga. Amma kuma babu watan da rana kaɗai ke ba ta awa 14. Ga kajin gidan gona irin su ISA Brown, Lohmann Brown ko ShikaBrown da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta samar, ƙarin haske al'amari ne na duk shekara. Kazar Hausa kuwa kwanci ne ke rage mata yawan ƙwai, kuma fitila ba ta maganin wannan.

A Disamba rana na faɗuwa a Abuja da misalin ƙarfe 6:15 na yamma. Wanda ya kunna wuta ƙarfe 4 na asuba ya bar ta har gari ya waye, ya ba kajinsa fiye da awa 14. Ƙwan wat 9 da ke aiki awa 4 a kullum, abin da zai ci a wata bai wuce yunit ɗaya da ɗoriya ba.

Inda gizo ke saƙa

Ƙa'idar kiwon kaji masu ƙwai ita ce kada a rage musu haske bayan sun fara yi. Akurkin da ke samun awa 15 yau, gobe a ɗauke wuta ya koma awa 12, ya fi rikita kaza a kan wanda ba a sa masa fitila ba tun farko. Shi ya sa fitila mai amfani da hasken rana, da batirinta da na'urar saita lokaci, ta fi dacewa da ma'aikacin da ke barin gida tun kafin gari ya waye don gudun cunkoson hanyar Nyanya.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi 'yan matan kaji. Ba a ƙara musu haske kafin su kai mako 16 zuwa 18. Gaggawar ganin ƙwai kan sa su fara tun jiki bai ƙosa ba, sai a samu ƙananan ƙwai, wani lokacin ma mafitar ƙwan ta zazzago, sauran kaji su bi ta da sara.

Sai kuma batun ɗumi. Babbar kaza mai cikakken gashi ba ta buƙatar a hura mata wuta a sanyin Abuja; 'yan tsaki ne ke buƙata. Ƙwan zafi mai wat 250 a saman busasshiyar dusar katako hanyar gobara ce, musamman a lokacin da iskar hunturu ta busar da komai. Kaskon gawayi a rufaffen akurki kuma na iya shaƙe kajin kafin safiya. Zafin Fabrairu zuwa Afrilu ne ma ya fi yi wa ƙwai illa, domin kaza kan rage cin abinci, ɓawon ƙwanta ya yi laushi.

Fitila umarni kawai take bayarwa, abinci ne ke cika shi. Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da isasshen kalsiyam don ɓawo, da ruwa mai tsafta a kowane lokaci. Wanda ya ƙara haske ya rage abinci, daga ƙashin kazar za a ciro kalsiyam ɗin da za a biya bashin. Kafin a sayi ƙwan lantarki, ya kamata mai kiwo ya fara duba buhun abincin kajinsa, shekarunsu, da kuma tabbacin cewa wutar da ya kunna yau za ta kama gobe a daidai lokacin.