Dub: Reggae da aka cire wa murya, aka bar ganga tana magana

Duk wanda ya zauna a Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masaƙun Kaduna ke cike da ma'aikata, ya san yadda reggae ya mamaye shagunan masu sayar da kaset. Majek Fashek da Ras Kimono da Lucky Dube su ne a bakin kowa. Sai dai akwai wani reshe na wannan kiɗa da mutane kan ji ba tare da sanin sunansa ba. Mai sauraro zai yi ta jiran mawaƙi ya shigo, amma ganga da jitar bas kaɗai ke tafiya, murya ta leƙo sau ɗaya, ta narke cikin amsa-kuwwa. Wannan shi ne dub.

A Jamaika aka haife shi, wajen ƙarshen shekarun 1960. Masu buga faya-fayan garmaho sun fara sa waƙa a fuska ɗaya, su sa kiɗanta zalla a ɗaya fuskar, domin masu manyan lasifikoki su samu abin da za su yi surutu a kai a filin rawa. Wanda ya mayar da wannan dabara sana'a mai zaman kanta shi ne Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby. Ba mawaƙi ba ne, ba kuma makaɗi ba. Mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a unguwar Waterhouse ta birnin Kingston, irin dai masu gyaran da muke wucewa kullum a bakin titi.

Aikinsa ragewa ne. Akan kawo masa waƙar da aka riga aka naɗa a kan tef mai layi huɗu, sai ya zauna gaban na'urar haɗa sauti, ya danne murya, ya ɗauke jita, ya bar ganga da bas su kaɗai. Can sai ya sako ƙaho na daƙiƙa biyu, ya bar amonsa yana maimaita kansa har ya dushe. Gurbin da ya buɗe shi ne daɗin abin: kunne ya san akwai abin da aka ɗauke, yana ta jiran dawowarsa.

Mai son farawa ya nemi King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, wanda Tubby ya yi tare da Augustus Pablo, gwanin melodika, wani ƙaramin abin busa mai madannai irin na fiyano. A ganina babu faifan da ya kai shi nuna yadda kiɗa kaɗan ke cika ɗaki. Super Ape na Lee "Scratch" Perry, shi ma na 1976, ya fi shi kauri da duhu, an kuma naɗa shi a Black Ark, ɗakin da Perry ya gina a bayan gidansa. Akwai kuma jerin African Dub na Joe Gibbs da Errol Thompson.

Wani zai ce Bahaushe da baiti ya saba, don haka kiɗa babu waƙa kamar tuwo ne babu miya. Amma wanda ya taɓa halartar dambe ya ga yadda ɗan dambe ke zabura da jin takensa a kalangu, tun kafin maroƙi ya buɗe baki. Kunnen da ya san take ba zai yi baƙunta a dub ba.

Matsalar yau ita ce waya. An tsara wannan kiɗa ne domin lasifikokin da suka fi mutum tsawo, inda bas ke bugun ƙirji kafin ya isa kunne. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, sai matashi ya kunna faifan Tubby ya ji ƙwas-ƙwas kawai, ya ce ba komai a ciki, alhali rabin kiɗan bai fito ba. A jarraba shi a lasifikar mai DJ na unguwa, ko aƙalla da abin sawa a kunne mai kyau, kafin a yanke hukunci.

An harbe King Tubby a ƙofar gidansa a Kingston a watan Fabrairun 1989, yana da shekara 48, daidai lokacin da reggae ke tashe a Kaduna.