Adon Ƙofar Gida, Rabon Mai Wucewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, a sani cikin shekarar 1959 hukumar sake gina birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka ta kafa sharaɗi, cewa duk attajirin da ya karɓi fili daga hannunta zai yi gini, lalle ya ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin domin adon da kowa zai gani. Faransa ta riga ta da irin wannan doka tun 1951, amma a kan ginin makarantun gwamnati.

Ƙasar Hausa kuwa al'ada ce ta tsaya a madadin doka. Fatake in sun sami wadata sai su kira magina, a tayar da zaure da tubali da azara, a ɗora zankwaye, a zana dagi a goshin ƙofa tun yaɓe bai bushe ba. Kana a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwan sama ya ci shi. Mai gida ke biya, amma mai wucewa ke kallo. Daga wannan sana'a Babban Gwani ya fito, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim.

Yau a Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, da Safana, ƙasar Yariman Katsina, bulo da kwano sun rinjayi tubali. Ga kuma fitinar ɓarayin dajin Rugu, wadda ta tayar da ƙauyuka, ta sa kowa neman katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Ba a zargin mai tsoro. Amma gwanayen zane suna tsufa, kuma sana'ar da ba a saye ba ta samun almajiri.

Malamai ba su hana ado ba, muddin babu surar mai rai, babu almubazzaranci, ba a kuma rubuta aya inda ƙazanta za ta taɓa ta ba. Saboda haka attajirin da zai kashe naira 100 wajen gina kanti, ya bar wa magini naira 1 ta zane, tun doka ba ta tilasta shi ba. In gwanayen suka ƙare, ko naira 1,000 ba ta komo da su.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin. Wassalamu.