Kifin ado: Guda nawa ƙaramin akwatin gilashi zai iya ɗauka?

A 'yan shekarun nan, akwatin gilashi mai ɗauke da kifin ado ya zama abin da ake yawan gani a shaguna da ofisoshi da falukan gidaje a biranenmu. Sai dai akwai koke guda da ya zama ruwan dare tsakanin masu shi. Mutum zai sayo kifaye goma sha biyar masu ban sha'awa ya zuba, kafin mako biyu su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zargi mai sayarwa, wani ya ce kambun baka ne. A mafi yawan lokuta, abin da ya kashe su shi ne cunkoso.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to sai dai a nan ido yakan yaudari mai shi. Ruwa na iya zama garau, kifaye na da filin yawo, amma an riga an ɗora wa akwatin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: dattin da kifi ke fitarwa, iskar da ke cikin ruwa, da kuma ɗabi'ar kifin.

Dattin da ido ba ya gani

Kowane kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, haka kuma kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su ƙara yawan sinadarin. A kogi, ruwa mai gudu ne ke kwashe shi. A akwati kuwa babu inda zai je, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙona kafofin numfashin kifi.

Masu aikin tsaftace shi su ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matacin ruwa da kuma jikin tsakuwa. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, wani rukunin kuma ya mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta na farkon ba, kuma canjin ruwa ne ke rage shi. Waɗannan ƙwayoyi suna buƙatar kimanin mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa a sabon akwati. Wannan ne ya sa wanda ya cika sabon akwati da kifi a rana ɗaya yake yin asara a makonnin farko.

Zafi da ɗaukewar wuta

Iskar oksijin tana shiga ruwa ne ta samansa, don haka akwati mai faɗi ya fi dogo siriri ɗaukar kifi, ko da yawan ruwansu ɗaya ne. Sannan ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A ma'aunin zafi 20, lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a 30 takan sauko zuwa kusan 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri yakan haura 40. Idan aka ɗauke wuta a irin wannan yanayi, mataci da injin hura iska suka tsaya, akwati mai cunkoso shi ne zai fara shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Saboda haka duk adadin da aka karanta a littattafan Turai ko Amurka, ya kamata mai akwati a nan ya rage wani abu daga ciki, ya kuma tanadi ƙaramin injin iska mai aiki da batir.

Yadda ake lissafi

Da farko a san yawan ruwan. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 yana ɗaukar lita 54, amma bayan an zuba tsakuwa da kayan ado, abin da zai rage bai wuce lita 45 ba.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta ce inci ɗaya na kifi ga kowane galan na ruwa, wato santimita 2.5 ga kusan lita 4. Tana da amfani ga ƙananan kifaye sirara kawai. Dalili kuwa shi ne, idan tsawon kifi ya ninka sau biyu, nauyinsa yakan ninka kusan sau takwas. A bisa ƙa'idar, kifi ɗaya mai santimita 20 daidai yake da biyar masu santimita 4, alhali a nauyi ya fi su duka nesa ba kusa ba, dattinsa ma haka.

Kuma da girman da kifi zai kai ake lissafi. Kifin nan mai ruwan zinariya da ake kira golfish, wanda asalinsa daga Sin ne, ana sayar da shi bai fi ɗan yatsa ba, amma yakan kai santimita 20 zuwa 30, ya kuma rayu fiye da shekara 10. Ƙaramin kwanon gilashi ba mazauninsa ba ne. Haka 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa, waɗanda cikin 'yan watanni za su fi ƙarfin akwatin. Akwati mai lita 45 zai fi dacewa da ƙananan kifaye 8 zuwa 10 masu tsawon santimita 3 zuwa 4.

Kowane kifi da halinsa

Ƙaranci ma na iya zama matsala. Kifayen tetara na yankin Amazon a garke suke rayuwa, idan aka ajiye biyu kawai sai su yi ta ɓuya, launinsu ya dushe, shi ya sa ake son su kai shida ko fiye. Taiga bab, mai zane kamar damisa, idan bai sami 'yan uwa da yawa ba sai ya koma cizon jelar wasu kifaye.

Wasu kuma ba sa son makwabci. Namijin beta, ɗan asalin Tailan, ba ya zama da wani namiji, za su yi ta faɗa har ɗaya ya jikkata. Kiribensis, wanda asalinsa daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne, yana da sauƙin hali, amma da zarar ya yi ƙwai sai ya kori duk wanda ya kusanci raminsa. Shi kuwa gufi 'ya'ya yake haifa kusan kowane wata, don haka shida na yau za su iya zama talatin nan da 'yan watanni. Ana ajiye mace biyu ko uku ga kowane namiji don kada ya takura wa guda.

Alamomin da za a lura da su

Kifi ba ya magana, amma halinsa na bayyana damuwarsa. Idan aka ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, musamman da asuba, iska ta yi ƙaranci ko kuma amoniya ta yi yawa. Irin su beta da tarwaɗa ba a yi musu wannan hukunci, domin shaƙar iska daga sama ɗabi'arsu ce. Sauran alamomin sun haɗa da manne fikafikai a jiki, yagewar jela, ƙin cin abinci, goga jiki a tsakuwa, da fitowar fararen ɗigo kamar gishiri a fata.

Da ganin haka, a canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a dakatar da abinci na kwana ɗaya, sannan a rage kifin. A kullum kuma, a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, a canza rubu'in ruwan kowane mako da ruwan da aka cire wa sinadarin kulorin, a kuma wanke soson mataci da tsohon ruwan akwatin don kada a kashe ƙwayoyin da ke cikinsa.

Ga wanda zai fara, ya sayi akwati mafi girma da aljihunsa zai iya, domin ruwa mai yawa ya fi jure kuskure. Ya fara da kifi uku ko huɗu, ya riƙa ƙarawa bayan kowane mako biyu yana lura da halinsu. Dabbar da mutum ya tsare amana ce a hannunsa, kuma kifaye takwas masu lafiya sun fi ƙawata wuri a kan ashirin da ke fama da numfashi.