Madura: Ina hoton ƙafar majinyaci yake zuwa?

Duk mai aikin riɗi da dawa a gonakin Gadarif ya san ƙaya. Wani lokaci ita ke shigar da ƙwayar cutar madura cikin ƙafa, kumburi ya yi ta girma ba zafi, har ya kai ga ƙashi.

A 2017 Cibiyar Binciken Madura da ke Soba, Khartum, tare da ƙungiyar DNDi, suka fara gwada maganin fosravuconazole, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Hoton sikanin na cikin shaidun da ake dubawa kafin a ce mutum ya warke. To amma hoto ɗaya bai isa ba. Sai an jera na yau da na watannin baya.

Nan manhajar adana hotuna ke shigowa. Tana ajiye su a tsarin DICOM, ta cire sunan majinyaci ta sa lamba, ta kuma rubuta wanda ya taɓa fayil da ranar da ya taɓa.

Yaƙin Afrilun 2023 ya tsayar da aikin cibiyar. Majinyacin da ya tsero Gadarif da 'yar takardar sikanin a aljihu, wadda kan dusashe da zafi, da me likita zai gwada sabon hotonsa?