Ɗakin gwajin sadarwa: Me ya sa manhajar da ta yi aiki a Abuja take gazawa a Funtua?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, domin daƙile 'yan bindiga. Masu hada-hadar masara da auduga da masu POS sun ji a jikinsu. Ko a lokacin da babu katsewa, sabis a ƙauyukan yankin yakan zo ya ɗauke. To, ta yaya mai ƙera manhaja zai san halin da za ta shiga a irin wannan wuri?

Hanyar da masu bincike ke bi ita ce kwaikwayon hanyar sadarwa. Ana ɗora ainihin manhajar a kwamfuta, sannan a ƙaƙaba mata matsaloli da gangan: a jinkirta saƙo, a zubar da wani ɓangarensa, a rage gudun intanet. Jami'ar Utah ta Amurka ta gina Emulab domin wannan aiki, kuma a 2010 masu bincike a Stanford suka fitar da Mininet, mai iya kwaikwayon ɗaruruwan na'urori a cikin kwamfuta guda.

Sai dai akwai ƙalubale biyu. Na farko shi ne kama da zahiri. Sanya jinkiri mai adadi ɗaya abu ne mai sauƙi, amma sabis na gaske yana canzawa daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, ko saboda cunkoson ranar kasuwa, ko saboda janaretan turken sadarwa ya mutu. Maganin shi ne a naɗi halayen layin a wurin, a sake kunna su a ɗakin gwaji, kamar yadda Mahimahi na jami'ar MIT ke yi.

Na biyu shi ne girma. Idan na'urorin da ake kwaikwaya suka yi wa kwamfuta yawa, sai ta riƙa jinkiri na kanta, mai bincike ya ɗora laifin a kan layin. Don haka ake raba aikin ga kwamfutoci masu yawa, ko a rage gudun agogon gwajin domin injin ya samu sarari.

Batun ya shafi siyasa kai-tsaye. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon rumfuna bai hau shafin IReV a kan lokaci ba, INEC kuma ta ce tangarɗar na'ura ce. A wannan shekarar ma, lokacin ƙarancin takardun naira, tura kuɗi ta waya ya sha maƙalewa.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna kusa da wannan yanki, kuma Mininet kyauta ne. Abin da ake buƙata shi ne ma'aunin sabis daga kasuwanni da gonaki. Duk lokacin da gwamnati ta zo da sabuwar manhajar rabon taki ko ta zaɓe, ya kamata a tambaye ta a kan wane irin layi aka gwada ta.