Injin Niƙa a Ƙarƙashin Hilux

Ƙarar ta fara ne a ƙarshen Satumba, ina dawowa Kano daga ƙauyukan Haɗejia. Motar Hilux ce ƙirar 2010, mai ja da ƙafa huɗu, kuma da ita nake neman abincin iyalina. Da na wuce gudun kilomita 40 sai in ji wani gurnani a ƙarƙashina, kamar an kunna injin niƙa a can bayan gari. In na ƙara wuta ya ƙaru, in na tsaya ya yi tsit.

Makanikin farko bai ko shiga motar ba. Ya girgiza tayar baya, ya ce boris ne. Na saya, aka sa, na biya. Ban kai gida ba gurnanin ya dawo yadda yake. Abin ya ƙona mini rai, don an kashe mini kuɗi a kan zato.

Sai wani direba ya kwatanta mini wani dattijo mai gareji a gefen titin Haɗejia. Na gaishe shi, na fara zayyana abin da aka canja, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, bar wannan tukuna. Ja mu je, ita za ta faɗa da bakinta."

Muka hau titi, yana zaune a gefena, kansa a karkace. Da ƙarar ta taso ya ce in cire giya in bar motar ta gangara. Inji ya lafa, gurnani bai lafa ba. Ke nan babu ruwan inji, babu ruwan kuloci. Abin yana bin gudun mota ne. Ya ce in ɗan taɓa birki. Babu canji, birki ma ya fita. Da muka sami fili ya sa na riƙa karkata sitiyari dama da hagu a hankali, ya bayyana mini cewa boris ɗin taya in ya ci, kukansa na ƙaruwa idan nauyi ya koma kansa, ya ragu idan nauyin ya bar shi. Wannan ƙarar kuwa murya ɗaya take yi.

"Kuma ka saurara," in ji shi. "Ya fi juyin taya sauri. Furofela tana juyawa kusan sau 4 kafin taya ta zagayo sau ɗaya. Mai laifin yana kan layinta."

Saura uku ke nan: furofelar da kuros-kuros ɗinta, aksil ɗin baya, da ƙaramin akwatin nan da ke manne bayan giyabos, wanda direbobi ke kira ogzilari, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ni dai na rantse daga baya nake jin ƙarar. Baba mai garejin ya ce ƙarfe ɗan aike ne, yana ɗauko kuka daga wani wuri ya ajiye maka a wani.

Yaransa suka kwance furofelar baya. Ya murza kowane kuros da hannu, babu wasa, babu cijewa. Duk da haka ya sa H4, wato giyar ja da ƙafa huɗu, muka ɗan zagaya, ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Gurnani na nan. Aka mayar da furofela.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Suka ɗaga motar, suka ɗora ta a kan ƙarafan tokara guda huɗu, don ya ce ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yaro ya tayar, ya sa giya, tayoyin baya na juyawa a iska. Baba ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin aksil, ya manna mariƙin a kunnensa. Ya girgiza kai. Ya matsa gaba, ya dafa ta a bayan akwatin ogzilari, daidai inda furofela ke fitowa. Ya daɗe a nan, sannan ya yafito ni. Da na kara kunnena sai na ji kamar ana tauna tsakuwa a cikin kwanyata.

Ya kwance noti na ƙasan akwatin ya tara roba. Maimakon mai garai-garai, wani abu ne ya zubo mai kalar kunun gyaɗa. Ya shafa a yatsa ya nuna mini a rana, garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

"Yaushe ka shiga ruwa da ita?"

Nan take na tuna. A watan Agusta na ratsa wani rafi da ya kawo, ruwa har ƙasan ƙofa, bayan tafiyar awa uku. Na yi murna a ranar don inji bai mutu ba.

Ya ce akwatin yana da 'yar hudar numfashi a samansa. Ƙarfe ya yi zafi, ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hudar ko ta gefen sil da ya tsufa. Mai ya gauraye da ruwa ya daina aikinsa, tsatsa ta kama boris, kuma na yi sati shida ina gudu a kai. Da aka buɗe, ga zoben boris ɗin duk ya yi ramuka kamar zanzana. Allah ya taimaka haƙoran giya da sarƙar da ke ciki ba su taɓu ba.

Na je Ƙofar Ruwa na sayo boris da sil. Aka wanke akwatin tas, aka haɗa, aka zuba man giya 75W-90, kusan lita ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya duba man giyabos da na aksil ɗin gaba da baya, tunda rafi ɗaya suka shiga. Na baya ma ya fara fari, aka canja shi. Ya kuma ɗaura siririn tiyo a kan hudojin numfashin, ya ja su sama can kusa da inji.

Bayan La'asar muka sake hawa titin. Na kai 40, na kai 80, Baba ya sauke gilashi, kansa a karkace kamar ɗazu. Iska kawai muke ji da ƙarar taya a kan kwalta.

"Juya mu koma, Alhaji," ya ce. "Akwai wata mota tana jirana."