INA HATSIN KAKA YAKE TAFIYA?

Ƴan'uwa manoma maza da mata, kaka lokacin farin ciki ne. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an cika rumbu. Wake ya shigo gida, harawa tana kan rumfa. Amma a garuruwan Dakusa, kamar sauran ƙasar Damagaram, gidaje da yawa ba su kaiwa watan Mayu sai rumbu ya yi ƙasa. Idan damina ta faɗi, lokacin da jiki ke bukatar ƙarfi, sai a ga maigida riƙe da buhu yana neman awo. Wani kuma ya bar gonarsa cikin ciyawa, ya tafi ƙwadago a gonar wani.

Wani lokaci ƙarancin ruwan sama ne ya jawo haka. Ƙasarmu jigawa ce, daminarmu gajera ce, wannan kowa ya sani. To, amma akwai shekarun da ruwa ya wadata, gona ta yi kyau, duk da haka hatsi bai kai gida ga sabuwar kaka ba. A irin wannan shekara, sai mu tambayi kanmu: ta wace ƙofa ya fita?

Manomi ba shi da albashi. Rumbunsa shi ne aljihunsa. Duk abin da ya saya, ko goro ne ko turmin atamfa, da hatsi ya saye shi, ko da wake, ko da akuya. Saboda haka lissafin kuɗin gida daga rumbu yake farawa.

Mu fara da ƙidaya

Tiya ɗaya ta hatsi tana da nauyin kilo biyu da rabi, ko kusa da haka. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Gida mai mutum takwas, manya da yara, yana cin kusan tiya biyu a rana, tuwo da fura. A wata ɗaya tiya 60 ke nan, wato buhu ɗaya da rabi. A shekara buhu 18.

Kowa ya yi wannan lissafi da yawan mutanen gidansa. Ka sussuka dami ɗaya, ka auna tiya nawa ya ba ka. Daga nan ka san abin da ke cikin rumbunka gaba ɗaya. Ka fitar da zakka idan ta kai, ka ware iri, ka ware cimakar shekara. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne kaɗai na sayarwa. Idan babu abin da ya rage, to duk tiyar da ta tafi kasuwa, daga bakin yara aka ɗauke ta.

Ga wani abu da ya kamata a lura da shi sosai. Da kaka kowa yana kai hatsi kasuwa, saboda haka yana araha. Ƴan kasuwa suna saye a Bakin Birji da kasuwar Dole ta Zinder da sauran kasuwanni, suna tarawa a magazan. Da bazara da tsakiyar damina hatsi ya yi wuya, sai ya yi tsada. Mu ɗauki misali. A ce ka sayar da buhu ɗaya da kaka, tiya sefa 500. Ka karɓi jika ashirin. A watan Yuli ka koma kasuwa da jika ashirin ɗin nan, ka tarar tiya ta kai sefa 800. Tiya 25 kaɗai za ka samu. Tiya 15 sun tafi, ba ɓarawo, ba gara, ba gobara. Abincin mako guda ne na gidan mutum takwas, a kan buhu ɗaya tak. Wanda ya sayar da buhu biyar fa?

Manya sun ga wannan da idonsu. Bayan fari da farin ɗango na 2004, a daminar 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika talatin a wasu kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Abinci yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Mutane sun sayar da dabbobi a wulaƙance, yara da yawa sun kamu da tamowa. Waɗanda suka fi su shekaru suna tuna yunwar 1984, wadda mutane da yawa ke kira El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya.

Ƙananan ƙofofi

Ba kullum babban abu ne ke cinye rumbu ba. Sau da yawa ƴan ƙananan abubuwa ne na kowace rana, waɗanda ba a ɗauke su komai ba. Ganyen shayi da sukari da gawayi a fada. Karan sigari biyu ko uku. Goro. Kuɗin waya, da kuɗin cajin salula. Kowane ɗaya dala goma ne ko dala ashirin, mutum ba ya jin fitarsu.

To, mu tara su. A ce duka sun kama sefa 300 a rana, wato dala sittin. A wata jika tara. A shekara jika ɗari da takwas. Idan buhu yana jika ashirin, wannan kuɗi ya fi buhu biyar. Buhu biyar kuwa abincin kwana ɗari ne a gidan da muka ambata. Kwana ɗari! Shi ne daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da ake kuka.

Ba a ce a daina shan shayi ba. Zaman fada yana da amfaninsa, a can ake jin labari, a can ake shawara. Amma tukunya ɗaya a rana ba ɗaya take da tukunya huɗu ba. Sigari kam, a ganina, ba shi da abin da za a kare shi da shi. Yana cin kuɗi yau, gobe ya ci huhu, sannan a sake biyan kuɗin magani.

A madafa ma akwai irin wannan ƙofa. Dunƙulen magi ya shiga kowace miya, har an fara raina daddawa. Alhali daddawar ɓatso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwar gonarmu, tana gina jiki, magi kuwa yawancinsa gishiri ne. Zogale da tafasa da ganyen wake, idan an shanya su a inuwa da kaka, suna kai gida har rani. Haka nan madarar gwangwani da ake saya wa jariri don a nuna gata. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa: nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata shida, ko ruwa ba ya bukata. Madarar da aka dama da ruwan da ba shi da tsabta zawo take kawowa. Sai kuma ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su cikin rana a kasuwa, da man shafawa mai canza launin fata. A nan kuɗi ake bayarwa a sayo ciwo.

Mu kuma tuna cewa yawancin waɗannan kaya daga waje suke zuwa, farashinsu ba a hannunmu yake ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi cikin ƴan makonni. A 2023, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, shinkafa da sauran kayan masarufi suka yi tsada. Gidan da ya dogara da hatsinsa da wakensa bai ji jiki kamar gidan da ya saba da kanti ba.

Babbar ƙofa: biki da suna

Nan ne magana take da nauyi, domin ta shafi mutunci. Aure da suna yawanci bayan kaka ake sa su, lokacin da hannu yake da ɗan abu. Ga kayan akwati, ga kayan ɗaki, ga gara. Yanzu an ƙara da anko, da hayar kujeru da rumfa, da mai kiɗan lasifika, da mai ɗaukar hoto. Uwar amarya tana tsoron a ce ɗakin ƴarta bai kai na ƴar maƙwabciya ba. Maigida yana tsoron bakin maroƙa. Sai a buɗe rumbu, a sayar da saniyar da ke ba da nono, wani har ya jinginar da gona. Kwana biyu an watse. Bashi ya zauna shekara biyu.

Kada a fahimce ni a karkace. Gudummawar biki ba ɓarna ba ce. Wadda ka kai wa yau, ita za ta kawo maka ranar da kake cikin bukata, zumunci kuwa ya fi asusu. Kayan ɗaki ma dukiyar mace ne, tana iya sayarwa ranar wuya. Amma a duba da kyau: kwanoni talatin da aka jera a bango ba su haihuwa. Jar akuya irin ta Maraɗi tana haihuwa, sau da yawa ma tagwaye, ga kuma nono. Idan an rage rabin kwanonin aka saya wa amarya akuya biyu, an yi mata gata na gaske. Anko kuwa, zane ne da aka tilasta wa mace ta saya alhali tana da wani a akwati.

Mutum ɗaya ba ya iya karya wannan al'ada, za a ce masa marowaci. Sai gari ya haɗu. Mai gari da liman da shugabannin mata da samari su zauna bayan kaka, su yanke iyakar abin da za a kashe. Abin da aka yanke a gaban kowa, ba mai jin kunyar binsa.

Amma idan bukatar kuɗi ta gaskiya ta taso da kaka fa? Akwai hanyoyi biyu da aka gwada a ƙasar nan. Ta farko ita ce jinginar da hatsi, wadda ake kira warantaji. An fara ta a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO. Ƴan ƙungiya suna tara buhunansu a magazan mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Manomi ya karɓi kuɗi ƙasa da darajar hatsinsa, ya yi kiwo ko sana'a da su. Bayan wata biyar ko shida ya biya, ya ɗauki buhunsa lokacin da ya yi tsada. Sai dai a yi hattara. Akwai kuɗin da ake ƙarawa a kan bashin, akwai na ajiya, kuma ba kowace shekara farashi ke hawa sosai ba. Wanda ya karɓi kuɗin ya yi biki da su, ya yi asara sau biyu.

Ta biyu ita ce ta Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yarda a kai cikin akwati. Mai bukata ta ranta, ta mayar. Ƙarshen zagaye a raba. Daga Nijar dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Ba abin da ya hana maza su yi irinta da kuɗin shayi.

Ku da kuka koyi karatu da rubutu, kuna da makamin da iyayenmu ba su samu ba. Ku sami ɗan littafi. A shafin farko ku rubuta yawan dammunan da suka shiga rumbu. Bayan haka, kowace rana ku rubuta abin da ya fita, ko na dala biyar ne, da abin da aka saya da shi. Ƙarshen wata miji da mata su zauna su karanta tare, su sa alama a gaban abin da za a iya bari.

Akwai kuma abubuwan da ba a sa musu alama. Sabulun wanke hannu, gidan sauro, kai yaro likita ranar da zazzaɓi ya fara, awon ciki, littafin ɗan makaranta: rage waɗannan ba tattali ba ne, domin kuɗin da za su ci daga baya ya fi yawa. Haka iri. A zaɓi zangarniya masu kyau tun a gona, a ɗaure su daban, a ajiye inda ba a taɓawa har ruwan shuka ya sauka.